Abin da ke tsayar da Kawu a gindin darbejiya

Daga ƙofar gidan kawuna zuwa masallacin unguwarmu a Garwa ba ta fi tafiyar minti biyar ba. Fiye da shekara talatin yana taka hanyar nan sau biyar a rana, ba a taɓa ganin ya tsaya hutu ba. Amma tun da ya dawo daga aikin da aka yi masa a ƙasar waje, sai ya zamana akwai wata darbejiya a tsakiyar hanya da ba ya iya wuce ta. Da ya zo gindinta zai ja ya tsaya, ya dafa ƙugu, ya ciro waya kamar mai duba saƙo, ko ya tsawaita gaisuwa da mai shayin da ke wurin. Bayan minti biyu ko uku sai ya ci gaba kamar ba abin da ya faru.

Wata rana bayan la'asar na ce, "Kawu, lafiya kuke tsayawa a nan kullum?"

Ya ce, "Ɗana, kwankwaso ne. Sanyin jirgi ne ya shige ni."

Sai da aka kwana biyu, muna zaune mu kaɗai a zaure, sannan ya faɗa mini gaskiya. Ba kwankwaso ba ne. Mazaunai ne, ɓangaren hagu, kamar an sa awartaki an damƙe naman, har ya sauko bayan cinya. In yana zaune ba ya jin komai. Ruku'u da sujada ba sa tayar da shi, hawan mashin ma haka. Tafiya kawai. Nauyin ambaton wurin ne ya sa ya yi wata uku yana cewa kwankwaso, mu kuma muka yi wata uku muna neman maganin kwankwaso.

Da yake ni nake karanta wa gida takardun Faransanci, na ɗauko takardar bayanin aikin na bi ta layi-layi. A tsakiyar shafi na biyu akwai jimla ɗaya da ke cewa an toshe jijiyar ipogastirik ta hagu. An toshe ta ne da gangan. Wannan layin ne ya warware mini komai, kuma shi nake so in fasa wa duk wanda yake da dattijon da aka yi wa irin wannan aiki, ko ake shirin yi masa.

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da kaya da yawa: ta jini, ta motsi da ji, har da wadda ake cirewa a nama. A nan maganar ta jini ce, wadda ke ɗauko jini daga zuciya. Uwarsu duka ita ce awota. Tana fita daga zuciya, ta sauko ta ƙirji, ta ratsa ciki tana jingine da ƙashin baya, kaurinta wajen santimita 2. Da ta zo daidai cibiya sai ta rabu biyu, reshe ɗaya dama, ɗaya hagu. Likitoci suna ce musu iliyak. Kowane reshe kuma in ya yi 'yar tafiya sai ya sake rabuwa biyu: na waje ya wuce ta matse-matsi ya shayar da ƙafa har yatsu, na ciki ya nutsa cikin ƙashin ƙugu. Na cikin nan shi ne ipogastirik. Shi ke kai jini ga naman mazaunai, da mafitsara, da ƙarshen hanji, da al'aura, da mahaifa ga mata.

Ciwon da ya kai Kawu asibiti shi ne kumburin awota. Bangon jijiyar yana yin rauni, sai ta riƙa buɗewa a hankali, kamar yadda tsohon tiyub yake fitar da ƙululu a wuri guda. In kaurin ya kai santimita 3 an shiga sahun masu ciwon. In ya kai 5.5 ga namiji, ko 5 ga mace, likitoci suna ba da shawarar aiki, domin daga nan haɗarin fashewa yake ƙaruwa. Ya fi kama maza da suka haura shekara 65, kuma babban abin da ke jawo shi taba ce, sai hawan jini da gado. Mugun halinsa shi ne shiru. Yawancin masu shi ba sa jin komai; na Kawu ma a hoton ciki aka gan shi, an je duba mafitsara. In kuwa ya fashe, kusan takwas cikin goma ba sa tashi, da yawa ma ba sa kaiwa asibiti. Shi ya kashe Albert Einstein a 1955. Janar de Gaulle, wanda iyayenmu a nan da Cadi suka san sunansa sarai, shi ma fashewar kumburin jijiya ce ta ɗauke shi a gidansa a watan Nuwamban 1970.

Hanyar gyara ta farko ita ce a buɗe ciki, a maye gurbin wurin da ya lalace. Wani likita a Faris, Charles Dubost, shi ya fara cin nasarar haka a 1951. Aiki ne babba, mai nauyi ga tsoho mai ciwon zuciya ko huhu. A 1990 Juan Parodi a Ajantina ya bi wata hanya: maimakon a tsaga ciki, sai a shiga ta jijiyar matse-matsi, a tura bututu a naɗe, a kai shi cikin kumburin ana kallo ta na'urar hoto, sannan a ware shi. Bututun yadi ne na roba da aka ɗinka a kan ragar ƙarfe, siffarsa kamar wando: ƙugun yana kama awota a ƙasan jijiyoyin ƙoda, ƙafafun biyu suna sauka cikin iliyak ta dama da ta hagu. Jini sai ya bi ta cikin wandon, kumburin ya huta da matsi. A takardun Faransanci za ka ga an rubuta endoprotez, wasu kuma su taƙaita da EVAR. Wani babban gwaji da aka yi a Ingila, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2004, ya nuna cewa a watan farko bayan aiki mutuwa kashi 1.7 cikin 100 ce ta wannan hanya, a buɗe ciki kuwa kashi 4.7. Daga baya, da aka bi mutanen shekaru da yawa, ratar ta rufe, kuma masu bututu sun fi komawa gyara. Duk da haka, ga dattijo mai shekara saba'in, mako guda a asibiti da 'yar yanka a matse-matsi abu ne mai jan rai, kuma ba na ganin laifin wanda ya zaɓe shi.

To ina toshe jijiya ya shigo?

Wandon nan ba ɗinke shi ake yi a jiki ba. Mannewa yake yi da bangon jijiya, don haka dole bakin kowace ƙafa ya sauka a wuri mai lafiya, mai daidai kauri, inda zai kama ƙam ba yoyo. Matsalar ita ce a tsakanin masu kumburin awota, ɗaya cikin biyar, wasu ƙididdigar ma su ce ɗaya cikin uku, kumburin bai tsaya a awota ba, ya gangaro cikin iliyak. In haka ta faru, babu wurin kamu a sama, sai a ƙara wa ƙafar wandon tsawo ta wuce mararraba ta sauka a reshen waje. Wucewar nan kuwa ta kan bakin ipogastirik ake yin ta. Kuma sau da yawa ba a barin ta haka kawai, saboda jijiyoyin ƙugu a haɗe suke da juna: jini zai iya zagayowa ta baya, ya hauro ta cikinta, ya koma yana cika kumburin ta bayan bututu. An yi aiki, an kashe kuɗi, haɗarin fashewa yana nan. Shi ya sa likita yake toshe ta tukuna, ko da 'yan murɗaɗɗun wayoyi da ke sa jini ya daskare a wurin, ko da wani marfi na raga da ake dasawa a bakinta.

Duk wanda ya taɓa ganin gonakin shinkafa na Lagdo ko na Yagwa zai gane abin da ke biyo baya. In aka rufe lambatun da ke kai ruwa ga wani fili, filin ba ya bushewa nan take, domin ruwa yana tsattsafowa daga maƙwabta. Da sanyin safiya ɗan abin da ke shigowa ya isa. Rana ta take, shuka ta buƙaci ruwa sosai, sai ka ga ta yi laushi. Haka naman mazaunai yake. Ba ƙaramin nama ba ne, babbar tsokar wurin tana cikin mafi girma a jikin mutum, kuma ita ke tura jiki gaba a kowane taku, musamman a hawa. A zaune, jinin da ke zagayowa daga ipogastirik ta ɗaya ɓangaren, da rassan jijiyar cinya mai zurfi, da na kwankwaso, ya wadatar. Da an fara tafiya buƙatar oksijin ta ninka, ƙananan hanyoyin nan su kasa, naman ya ɗaure ya fara ciwo. A tsaya cik, ko ba a zauna ba, cikin 'yan mintoci ya saki. A sake tafiya, a daidai wannan nisan ya dawo. Abin da ya sa darbejiya ɗaya ce kullum ke nan.

Sunan abin a bakin likitocinmu kulodikasiyon, daga kalmar Latin mai ma'anar ɗingishi. Kuma a jikin doki aka fara gane shi. A 1831 wani likitan dabbobi a Faris, Bouley, ya ba da bayanin dokin da ke tafiya lafiya lau, da an sa shi sassarfa sai ƙafafun baya su gaza, in ya huta ya miƙe. Da dokin ya mutu aka duba, sai ga jijiyoyin jinin ƙafafun a toshe. A 1858 Charcot ya bayyana irinsa a jikin mutum. Daga baya René Leriche ya haɗa alamomi uku da ke tafiya tare in hanyar jini ta toshe a inda awota ta rabu biyu: ciwon mazaunai a tafiya, raunin mazakuta, da ɓacewar bugun jini a matse-matsi. Wato ilimin tsoho ne. Sabon abin kawai shi ne yanzu likita ne yake toshe hanyar da hannunsa, don ya tsare rai.

Nawa ne abin yake samu? Wani nazari na 2017 da ya tattara rahotannin fiye da mutum 2,500 da aka toshe wa wannan jijiya ya samu kusan kashi 28 cikin 100 sun yi wannan ciwo. Fiye da ɗaya cikin huɗu ke nan, ba abin da za a kira tsautsayi ba ne. Kusan rabinsu ciwon ya bar su cikin shekara biyu, sauran suka ci gaba da zama da shi. Wanda aka toshe wa ɓangare biyu ya fi shiga haɗari a kan na ɓangare guda. Akwai kuma wani bambanci da ya shafi hannun mai aiki: in aka toshe jijiyar a bakinta, kafin ta yi rassa, rassan suna ci gaba da ba juna jini, in kuwa wayoyin suka nutsa can ciki suka cushe rassan kansu, an datse har hanyoyin zagaye. Shi ya sa a nazarin nan masu marfi suka fi masu waya samun sauƙi, kusan kashi 24 a kan kusan 33. Mutum mai kuzari, wanda kasuwa da gona da zumunci ba sa barinsa zama, shi ya fi jin abin, domin shi ne yake tambayar naman aiki.

Akwai ɓangaren da ba a faɗa a zaure. Jijiyar da ke kai jini ga gaban namiji reshe ce ta ipogastirik. A nazarin da na ambata, kusan ɗaya cikin goma na maza sun samu sabon rauni ta wannan fuska bayan aikin. Dattijo mai iyali ba zai kawo wannan magana gaban ɗan 'yar'uwarsa ba, ni ma ban tambaya ba, amma na roƙi likitan da ke duba shi a nan ya tambaye shi su biyu. Ina faɗar haka ne saboda abin da na san yana biyo shiru: a aika yaro kasuwa ya sayo maganin ƙarfin maza. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan, in suka haɗu da maganin ciwon ƙirji na masu ciwon zuciya, suna faɗar da jini ƙasa warwas. Ga kuma zargi da ke iya shiga gida, a ce an yi wa maigida asiri, alhali bayanin yana shafi na biyu na takardar da ke cikin akwati.

Abubuwan da suka fi wannan muni ba su da yawa, ƙasa da ɗaya cikin ɗari, amma ba sa jira. Ciwon ciki da zawo mai jini a kwanakin farko bayan aiki alama ce hanji ya rasa jini. Fatar mazaunai ko ta tsakanin cinyoyi ta yi baƙi ko ta yi gyambo, ƙafafu su mutu, fitsari ko bayan gida ya ƙwace, ko ciwon ya zo mutum yana kwance: duk waɗannan asibiti ne a wannan sa'a, ba gobe ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ciwon yake ɓacewa a idon masu duba marasa lafiya a nan gida. Aikin a nesa ake yin sa. Mutum ya sayar da shanu ko fili, 'yan'uwa su yi karo-karo, a bi jirgin ƙasa na dare daga Ngaundere zuwa Yaunde, ko a tsallaka gadar Kusiri a tashi daga Njamena. In an dawo, likitan da ya yi aikin yana wata ƙasa, wanda ke kusa kuma ba lallai ya taɓa ganin irin bututun ba. Zai taɓa bugun jini a ƙafa ya ji shi daram, domin reshen waje lafiyarsa ƙalau, sai ya ce ba matsalar jini ba ce. A ɗauki hoton ƙashin baya, kuma wane ɗan shekara saba'in ne za a rasa abin nunawa a ƙashin bayansa? Shi ke nan an samu mai laifi. Alhali tambayoyi kaɗan sun isa su raba. Ciwon matsewar laka yana zuwa ko a tsaye kawai, yana tafe da mutuwar ƙafa ko jin kamar tururuwa na bi, kuma ba ya saki sai an zauna ko an sunkuya. Ciwon gaɓar ƙugu ya fi zama a matse-matsi, yana tsananta da an tashi daga zama ko an zo sa wando. Na jini kuwa ba ruwansa da yadda ka zauna ko ka kwanta. Nisa yake ƙirgawa.

A wata ukun nan Kawu ya sha dikulofenak har ba adadi, an yi masa allurai a daidai wurin da jinin ya yi ƙaranci, wanzami ya zo ya yi ƙaho, wani ma ya kawo shawarar taramol. Ba ɗaya da zai buɗe hanyar jini. Dikulofenak kuma ba abin wasa ba ne ga mai shan asfirin kullum: yana iya fasa ciki da jini, yana kuma wahalar da ƙoda, ƙodar da za ta riƙa tace ruwan da ake ɗura wa mutum duk lokacin da za a yi masa sikana, wato hoton cikin jiki na na'ura.

Maganin da aka fi dogara da shi yana da wuyar karɓa, domin shi ne ainihin abin da ke tayar da ciwon: tafiya. Ƙa'idar da ake bi ga masu ɗingishin jini ita ce a yi tafiya har ciwon ya kama sosai, a tsaya ya saki, a ci gaba, a haɗa minti 30 zuwa 45, aƙalla sau uku a mako, na tsawon wata uku ko fiye. Ciwon ba alamar nama yana lalacewa ba ne. Da maimaici ƙananan hanyoyin zagaye suna buɗewa, tsokar kuma tana koyon aiki da ɗan abin da take samu. Sai barin taba gaba ɗaya, ba ragewa ba, da riƙe maganin hawan jini, da na kitsen jini, da na suga ga mai shi. Akwai ƙwayoyin da ke ɗan ƙara nisan tafiya, kamar silostazol, amma ba a ba mai gazawar zuciya, don haka sai da izinin likita. Sake buɗe jijiyar da aka toshe kuwa aiki ne mai wuya, ba kasafai ake yin sa ba.

Wannan ne ya sa nake ganin wurin yin magana kafin aiki ne. Yau akwai hanyoyin tsare ipogastirik. Akwai bututu mai ɗan reshe a gefe, wanda ake saƙa shi cikin jijiyar ta ci gaba da samun jini. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ɗaya daga cikin irinsa a 2016, Turai kuwa sun riga su fara amfani da su. Akwai ƙafar wando mai faɗin baki kamar algaita, wadda ke iya kama iliyak da ba ta buɗe da yawa ba, ko da yake wurin yana iya ci gaba da buɗewa daga baya. Akwai kuma ɗinka wata 'yar hanya daga reshen waje zuwa na ciki. Ƙungiyar likitocin jijiyoyin jini ta Turai, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce a tsare aƙalla ipogastirik ɗaya. Ba kowane jiki ne yake karɓar bututu mai reshe ba, in jijiyar ta cika murɗewa ko gajarta ba ya zama, kuma kuɗinsa ya fi. Mai yiwuwa ne a jikin Kawu toshewar ita ce kaɗai mafita, kuma da an tambaye ni yau, tsakanin ɗingishi da fashewar awota, ba zan yi jinkirin zaɓa masa ba. Ƙorafina ɗaya ne: an ba shi takarda da Faransancin likitoci ya sa hannu, ba wanda ya zaunar da shi ya ce, Alhaji, za mu rufe wata jijiya, ɗaya cikin huɗu yana jin kaza da kaza bayan haka, in ka ji kada ka tsorata. Mu ma da muka raka shi tambayarmu ba ta wuce nawa ne da yaushe za a sallame mu ba. Ɗan rakiya ya tambaya: kumburin ya sauko iliyak? Za a toshe ipogastirik, ɗaya ko biyu? Akwai hanyar barin ta? A kuma karɓo bayanin aikin a rubuce, da hotunan sikana a faifai, da sunan bututun, domin mai wannan bututu ba ya rabuwa da bincike har ƙarshen rayuwarsa. Yana iya zamewa ko ya fara yoyo ba tare da an ji komai ba.

Da na gama yi wa Kawu bayani ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai da an faɗa mini, da ban sha wannan wahala ta ƙaho ba." Abin da ya fi tsaya masa a rai Makka ce. Yana da niyyar komawa umara, kuma ya san safa da marwa kaɗai tafiya ce ta kusan kilomita 3, ban da ɗawafi. Ya ce ba ya so a tura shi a keke in da hali.

Yanzu bayan sallar asuba muke fita, kafin zafin Garwa ya sauko, domin a watan Maris da Afrilu nan ba wanda zai yi tafiyar magani da rana. Da falwayoyin lantarki muke awo. Makon farko a ta huɗu yake tsayawa. Ina da ɗan littafi da nake rubuta lambar kowace safiya, wanda za mu kai wa likita ranar da za a sake yi masa hoton ciki. Jiya ya kai ta tara kafin ya dafa ƙugu, ya tsaya minti biyu yana jan carbi, sannan ya ce mu ƙara biyu kafin mu juya.